Zanen tafiyar aiki: yadda ake gano inda bashin kaka yake maƙalewa

Kowa a Adar ya san abin da ke faruwa da kaka. Hatsi da wake sun shigo, farashi ya faɗi, ga bashi, ga biki, ga kuɗin motar mai tafiya cin rani. Sai manomi ya sayar da arha, da bazara kuma ya sayi hatsin nan da tsada. Don maganin haka aka kawo tsarin warantaji a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 da tallafin FAO: ƙungiyar manoma ta ajiye amfanin gona a magaza, asusun ba da bashi ya ba ta kuɗi a kan kayan, a sa wa ƙofa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusu.

To amma kukan da muke yawan ji shi ne: an kulle magaza, kuɗi ba su fito ba. Ka tambayi kwamiti, ya ce asusu ne. Ka tambayi asusu, ya ce takardu ba su cika ba.

Nan ne wata dabara ta masu aikin kwamfuta take da amfani. Da Faransanci ana ce mata diagramme d'activités, wato zanen tafiyar aiki. Tana cikin tsarin zane na UML, wanda ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997, amma tun 1921 Frank Gilbreth da matarsa Lillian suka nuna wa injiniyoyin Amurka yadda ake zana aikin masana'anta mataki-mataki. Ba sai da kwamfuta ba, alli da allo sun isa.

Ga yadda ake yi. A raba allo gida uku daga sama zuwa ƙasa: manomi, kwamiti, asusu. Baƙin ɗigo shi ne mafari. Kowane aiki a rubuta shi cikin akwati, a gidan wanda zai yi shi, a ja kibiya zuwa na gaba: manomi ya kawo buhu, kwamiti ya auna, ya rubuta suna. Inda ake da tambaya sai a zana akwati tsaye bisa kusurwa, hanya ta rabu biyu. Waken ya bushe, ba ƙwari? In e, ya shiga magaza. In a'a, ya koma gida.

Alamar da ta fi burge mu ita ce sandar nan mai kauri. Kibiya ɗaya ta shiga, biyu su fita: ayyuka biyu ke nan da za su iya tafiya lokaci ɗaya. In kuma biyu suka shiga, ɗaya ta fita, ba a wucewa sai dukansu sun kammala. Kwaɗo biyun nan ke nan, ƙofa ba ta buɗuwa da mabuɗi ɗaya. Wanda ya taɓa jiran mai mabuɗi a rana ya gane wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Da an zana, sai ido ya ga abin da baki ke ɓoyewa. A ce ƙungiya ba ta fara haɗa takardun neman bashi sai magaza ta cika, sannan a kira wakilin asusu ya zo daga Tawa ya ƙirga buhuna. Shin dole ne takardu su jira buhun ƙarshe? Jerin sunayen mambobi da takardar rajistar ƙungiya ba su da alaƙa da awo, ana iya kai su tun hatsi na gona. A sa sanda mai kauri a nan, layi ya rabu biyu, a rage jira.

Sai dai a kiyaye: a zana aikin yadda ake yin sa, ba yadda dokar ƙungiya ta ce ba. Shi ya sa ya kamata mai awo, ma'aji da matan da ke da buhuna a ciki su kasance wurin zanen. Kuma kusa da kowace kibiya a rubuta kwana nawa aka yi jira bara, sannan a fara tambaya daga wadda ta fi cin kwanaki.