Dalilin bambanta tayar gaba da ta baya a keken hawa duwatsu

Masu tuƙa keke a hanyoyin daji da tsaunuka ba kasafai suke sanya taya iri ɗaya gaba da baya ba, domin kowace da aikinta.

Tayar gaba ce ke riƙe hanya a lokacin shan kwana. Idan ta baya ta zame, mahayi yakan iya daidaita keken ya ci gaba da tafiya, amma idan ta gaba ta suɓuce a kan tsakuwa, galibi faɗuwa ce ba shiri. Saboda haka ake zaɓa mata mai faɗin inci 2.4 zuwa 2.6, mai manyan haƙora a gefe da roba mai laushi wadda ke kama ƙasa sosai. Irin wannan roba tana saurin cinyewa, sai dai a gaba ba ta shan wahala kamar a baya.

Ita kuwa ta baya, a kanta mafi yawan nauyin mahayi yake, kuma ita ke tura keken. Tana buƙatar roba mai ɗan tauri da jiki mai kauri, don kada kaifin dutse ya tsaga ta.

Haɗin da ya yi fice shi ne na kamfanin Maxxis: Minion DHF a gaba, DHR II a baya.

Iskar tayar gaba kan yi ƙasa kaɗan da ta baya, musamman ga taya marar tub, wadda ke jure ƙarancin iska.