Tafiya Hong Kong: Abin da Ɗan Kasuwar Katagum Zai Shirya Tun Daga Azare

AZARE — Da yawa daga cikin wayoyin hannu da cajoji da fitilu masu aiki da hasken rana da ake sayarwa a kasuwar Azare, kuma ake rarraba su zuwa Jama'are da Giade da Shira da Gamawa, sun fito ne daga kudancin ƙasar Sin, amma sai sun bi ta hannun dillalai uku ko huɗu a Legas da Kano kafin su iso ƙasar Katagum. Wannan ne ya sa wasu 'yan kasuwar yankin da jarinsu ya yi ƙarfi suke tunanin zuwa tushen kayan da kansu, kuma Hong Kong na cikin wuraren da ake fara ambata. Tafiya ce mai cin kuɗi ƙwarai, kuma ribarta ko asararta ta fi rataya a kan shirin da aka yi a gida, musamman zaɓen lokaci da kammala takardu, fiye da cinikin da za a yi a can.

Hong Kong ta ƙunshi tsibirin da ke ɗauke da wannan suna, da yankin Kowloon da faffaɗan yankin da ke arewa da shi wanda ke haɗe da babban yankin Sin, da ƙananan tsibirai fiye da 200. Mutanenta kimanin miliyan bakwai da rabi ne. Ingila ta mulke ta tun daga shekarar 1841 har zuwa ranar 1 ga Yuli, 1997, lokacin da ta koma hannun Sin, amma ta riƙe kuɗinta da dokokinta da hukumar shige da ficenta daban. Tasha ce da ba a biyan kuɗin fito a kan kayan da ke shiga, sai dai barasa da taba da man fetur da wani nau'in sinadari, kuma babu harajin saye da sayarwa. Ana amfani da Turanci sosai a harkokin kasuwanci, abin da ke sauƙaƙa wa ɗan Nijeriya.

Sai dai ya kamata matafiyi ya san matsayin wurin a yau. A shekarun 2000, 'yan kasuwar Afirka sukan cika ginin nan na Chungking Mansions da ke titin Nathan, inda suke sayen wayoyi su cika jakunkuna. Wani malamin jami'a a can, Gordon Mathews, wanda ya wallafa littafi a kan ginin a 2011, ya ƙiyasta cewa a wani lokaci kusan kashi 20 cikin ɗari na wayoyin da ake amfani da su a Afirka kudu da Sahara sun bi ta wannan gini. Yanzu yawancin wannan ciniki ya koma biranen Guangzhou da Shenzhen, inda masana'antun suke. Amfanin Hong Kong a halin yanzu shi ne ganin samfurin kaya, da saduwa da masu masana'antu ido da ido a wuraren baje koli, da ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin dokokin da aka san tsarinsu. Wanda ya je da niyyar sayen kaya masu araha a kantuna zai tarar da tsada.

Zaɓen lokaci

Abu na farko shi ne duba kalandar baje koli. Hukumar bunƙasa ciniki ta Hong Kong, wadda aka kafa a 1966, tana shirya baje kolin kayan lantarki sau biyu a shekara, a watan Afrilu da kuma watan Oktoba, a babban zauren taro da ke unguwar Wan Chai. A waɗannan watanni ne kuma ake yin wani baje kolin na wayoyi da kayan haɗinsu a zauren AsiaWorld-Expo da ke dab da filin jirgin sama. An tsara su ne su yi daidai da baje kolin Canton na Guangzhou, wanda aka soma tun 1957, kuma ake yin sa kashi uku daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, sannan daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ɗan kasuwa mai tsari zai iya halartar biyu da tikiti ɗaya.

Tsakanin lokutan biyu, na Oktoba ya fi dacewa ta fuskar yanayi. Hong Kong na samun ruwan sama kimanin milimita 2,400 a shekara, wato kusan ninki uku na abin da ƙasar Katagum ke samu, kuma mafi yawansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Satumba. Zafin watan Yuli bai kai na bazarar Azare ba a ma'auni, amma laimar iska ta kan wuce kashi 80 cikin ɗari, ta yadda mutum zai jiƙe sharkaf da gumi bayan 'yar gajeriyar tafiya. Daga Oktoba zuwa Disamba kuwa sararin sama kan washe, iska ta yi daɗi. A Janairu da Fabrairu akwai sanyi mai ɗan ratsa jiki, don haka rigar sanyi irin ta hunturu tana da amfani.

Damina a can tana zuwa da mahaukaciyar guguwar teku, wadda ta fi tsanani daga Yuli zuwa Satumba. Hukumar kula da yanayi tana fitar da alamun gargaɗi masu lamba 1 da 3 da 8 da 9 da 10. Da zarar an ɗaga lamba 8, ofisoshi da yawancin kantuna sukan rufe, jiragen ruwa na fito da motocin safa su tsaya, a soke ko a jinkirta tashin jiragen sama. An ɗaga lamba 10, wadda ita ce mafi girma, lokacin guguwar Mangkhut a Satumban 2018, da Saola a Satumban 2023, da Ragasa a Satumban 2025. Wanda dole ta sa shi tafiya a wannan tsakani, sai ya ƙara kwana biyu a lissafinsa, ya kuma sayi tikitin da za a iya sauya ranarsa.

Akwai kuma lokuta biyu da ya kamata a kauce musu. Na farko shi ne bikin sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗawa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, inda masana'antun Sin kan rufe har mako biyu ko fiye. Na biyu shi ne makon farko na Oktoba, hutun ranar ƙasa, wanda ofisoshin babban yankin Sin ba sa aiki, masaukai kuma suna tsada.

Takardu

Ɗan Nijeriya na buƙatar biza kafin ya shiga Hong Kong, kuma ba a bayar da ita a filin jirgi. Hukumar shige da fice ta yankin ce ke bayarwa, kuma bisa ƙa'idarta aikin yakan ɗauki kimanin mako huɗu bayan an miƙa dukan takardu. Mai son halartar baje kolin Oktoba ya kamata ya fara tun watan Yuli ko farkon Agusta. Takardar gayyata daga kamfanin da ke can ko shaidar rajistar baje koli, da shaidar rajistar kasuwancinsa a Nijeriya, da bayanan asusun bankinsa, da shaidar masauki da tikitin dawowa, su ne ke ƙarfafa buƙatar. Ɗan kasuwar da ya saba ajiye kuɗinsa a shago ko a dabbobi, asusunsa na banki kuwa babu motsi, sai ya gyara wannan tun watanni kafin ya nema.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne ɗaukar cewa biza ɗaya ta isa. Bizar Hong Kong ba ta shigar da mutum Guangzhou ko Shenzhen, bizar Sin kuma ba ta shigar da shi Hong Kong. Mai son zuwa baje kolin Canton sai ya nemi bizar Sin daban tun yana Nijeriya, ta ofishin jakadancin Sin a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas. Haka nan idan zai tsallaka Guangzhou sannan ya dawo ya hau jirgi a Hong Kong, ya tabbata bizarsa ta ba shi damar shiga sau biyu.

Bizar baƙo ta yarda mutum ya halarci baje koli, ya duba kaya, ya sa hannu a kwangila, amma ba ta yarda ya kama aiki ko ya buɗe shago ba. Wanda ya wuce kwanakin da aka ba shi yana iya fuskantar tarar dalar Hong Kong 50,000 da ɗaurin shekara biyu. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida, a kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara, wanda ma'aikatan lafiya na tashoshin shige da fice ke bayarwa.

Hanya da kuɗi

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya zuwa Hong Kong. Ga mutumin Azare, hanya mafi sauƙi ita ce bin titin Jama'are da Shuwarin da Wudil zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, inda jirgin Ethiopian Airlines ke bi ta Addis Ababa, na Qatar Airways kuma ta Doha. Da zaman jira, tafiyar kan ci kusan kwana guda. Agogon Hong Kong yana gaba da na Nijeriya da awa bakwai, don haka yana da kyau a sauka kwana ɗaya kafin buɗe baje koli domin jiki ya saba, kada a shiga ciniki da gyangyaɗi.

Tun 1983 aka ɗaure dalar Hong Kong da ta Amurka, kuma tana tsayawa tsakanin 7.75 da 7.85 a kan dala ɗaya. Wannan na nufin duk motsin da zai shafi aljihun matafiyi daga ɓangaren naira zai zo, don haka gara a tanadi kuɗin waje da wuri. Dokar Nijeriya ta wajabta bayyana wa kwastan duk kuɗin da ya haura dalar Amurka 10,000 a lokacin fita, a Hong Kong kuma tun 2018 dole ne a bayyana abin da ya wuce dalarsu 120,000. Bayyanawa ba ta jawo haraji, ɓoyewa ce ke jawo ƙwace kuɗi da gurfana a kotu. Kuɗin kaya masu yawa ya fi aminci a biya su ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin da ke kan takardar ciniki.

Zama a can

Daga filin jirgin Chek Lap Kok, wanda aka buɗe a 1998, jirgin ƙasa na musamman yana kai mutum tsakiyar birni cikin minti 24. Abin da za a fara saya shi ne katin Octopus, wanda ake zuba wa kuɗi a biya jirgin ƙasa da mota da jirgin fito da ƙananan kantuna. Daga tashar West Kowloon kuma, jirgi mai gudu da aka buɗe a 2018 yana isa Guangzhou cikin kimanin awa ɗaya. Soket ɗin wutarsu mai baki uku ne irin na Nijeriya, amma motocinsu hannun hagu suke bi, sai a kula wajen tsallaka titi.

Ɗakunan masauki ƙanana ne kuma suna tsada a makonnin baje koli, ga harajin kashi 3 cikin ɗari da aka dawo da shi a farkon 2025, saboda haka a kama ɗaki da wuri. Unguwar Tsim Sha Tsui ta fi dacewa da Musulmi, domin a nan ne babban Masallacin Kowloon yake a kan titin Nathan, kuma akwai gidajen abincin halal na Indiyawa da Pakistanawa da yawa a kewayensa. A Wan Chai, kusa da zauren baje koli, akwai Masallacin Ammar mai ɗakin cin abinci na halal. Wanda ya saba fuskantar gabas a Azare ya tuna cewa alƙibla a can tana yamma ne, da ɗan karkata arewa.

Dokokin wurin suna da tsauri. Zubar da shara ko tofa yawu a titi na jawo tarar dalar Hong Kong 3,000, ba a ci ko sha a cikin jirgin ƙasa, kuma kara 19 na taba sigari kawai aka yarda a shiga da su. Safarar miyagun ƙwayoyi na iya kai mutum ɗaurin rai da rai, don haka kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko daga wa ya fito. Jami'an kwastan ɗinsu suna sa ido a kan kayan Nijeriya, musamman tun Janairun 2019 da suka kama fiye da tan takwas na ɓawon dabbar nan ɗan kunya da tan biyu na hauren giwa a wata kwantena da ta fito daga ƙasar. Idan matsala ta taso, Nijeriya na da ƙaramin ofishin jakadanci a Hong Kong.

Dawowa da kaya

Tafiyar ba ta ƙare ba sai kaya sun iso shago. Kafin a ɗora kaya a jirgin ruwa, dole ne a buɗe takardar Form M ta banki a Nijeriya, a kuma samo shaidar inganci ta SONCAP ga kayan lantarki, wayoyi kuwa su kasance cikin nau'in da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da su. Jigila ta teku zuwa Legas takan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, sannan ga kuɗin fito da na ɗauko kaya zuwa Arewa. Sai an haɗa waɗannan duka da kuɗin tikiti da biza da masauki, a gwada da farashin kasuwar Farm Centre ta Kano, sannan za a san ko akwai riba. Ga mai ƙaramin jari, ya fi alheri 'yan kasuwa biyar ko shida su haɗa kuɗi su tura amintaccen mutum ɗaya, su kuma raba kwantena.

Har ila yau, bai kamata mutumin Katagum ya tafi a matsayin mai saye kaɗai ba. Riɗi da zoɓo da ƙaro da ake samu a wannan yanki suna da masu nema a ƙasashen Asiya, kuma Sin na cikin manyan masu sayen riɗin Afirka. Wanda ya tafi da hotunan kayansa da bayanin ingancinsu da yawan abin da zai iya tarawa a kaka ɗaya, da katin da ke ɗauke da sunan kamfaninsa, zai iya dawowa da mai saye baya ga mai sayarwa, ta yadda tikiti ɗaya zai biya buƙata biyu.