Ina jiki ke samo sukari idan mutum bai ci komai ba?

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu masu ciwon sukari a Agege da Sabon Ibadan suna wannan ƙorafi: mutum ya kwana bai ci tuwo ba, bai sha lemo ba, amma da safe a gwada shi a ga sukarinsa ya hau. To daga ina ya fito? Amsar ita ce hanta.

Ƙwaƙwalwar babban mutum tana cin kusan giram 120 na gulukos a rana, jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da wani makamashi sai shi. Don haka dole jini ya kasance da sukari ko da cikinka wayam yake. Hanta tana da ajiyar kusan giram 100, amma idan aka kwana aka wuni ba a ci ba, ajiyar ta kusa ƙarewa. Tun kafin ta ƙare hanta take fara ƙera sabon sukari, ƙoda na taya ta.

Abu uku take haɗawa da su. Akwai laktet, wanda tsoka ke fitarwa lokacin aikin ƙarfi, kamar na masu dako a Mile 12. Akwai gilisarol, ɗan ɓangaren da ke fita idan kitse ya narke. Sai sinadaran furotin da ake cirowa daga tsoka. Sauran kitsen kuwa jiki yana ƙona shi, amma ba ya iya mayar da shi sukari. Shi ya sa doguwar yunwa ke cin naman jiki, ba teɓa kaɗai ba.

Masu harkar shanu za su fi gane wannan. Saniya kusan duk sukarinta hantarta ce ke ƙerawa, daga abin da ƙwayoyin halittar tumbi suka sarrafa na ciyawa. Idan ta daɗe a tirela ba ci, sai ta koma cin jikinta.

Insulin ne ke ce wa hanta ta dakata. A ciwon sukari nau'i na 2, hanta ba ta jin wannan umarni sosai, sai ta yi ta zuba sukari cikin jini har cikin dare. Maganin metformin babban aikinsa ke nan, rage wannan zubin.

Saboda haka kada mai ciwon sukari ya ce tunda bai ci ba, ba sai ya sha magani ba. Haka kuma kada ya ƙara wa kansa ƙwaya don ya ga lamba ta hau, domin wasu magungunan da allurar insulin suna iya faɗar da sukari har mutum ya suma. Mai niyyar azumi ya ga likita tun kafin watan ya kama, a daidaita masa lokacin shan magani. Allah ya ƙara mana lafiya.