Gwangwanin Maɓallai da Tarihin da Muke Zubarwa a Bola

Kalmar anini tana ɗauke da ma'ana uku a bakin Bahaushe. Ta farko ita ce ɗan ƙaramin kuɗin ƙarfe mai huji a tsakiya da Turawan mulkin mallaka suka shigo da shi, wanda sai an haɗa goma suke zama kwabo ɗaya. Ta biyu ita ce maɓallin riga. Ta uku kuwa ita ce tauraron da ake maƙala wa hafsan soja ko na 'yan sanda a kafaɗa, shi ya sa idan an yi wa mutum ƙarin girma akan ce an ƙara masa anini. Na farko ya daɗe da mutuwa, sai sunansa da ya rage a cikin magana, inda ake cewa wane ba shi da ko anini. Na uku yana nan daram, ana sara masa safe da yamma. Na biyun shi ne abin magana a yau, domin ko da yake har gobe ana ɗinka shi a jikin riga, an daina adana shi, kuma da daina adana shi wani ɓangare na tarihin gidajenmu yake salwanta ba tare da kowa ya ankara ba.

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a shekarun 1980 zuwa farkon 1990 a Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Maraɗi, zai tuna da wani gwangwani da ke ɗakin uwa ko na kaka. Galibi tsohon gwangwanin Bournvita ne ko na Nido, wanda abin da ke cikinsa ya ƙare tun da jimawa, aka wanke shi aka ba shi sabon aiki. Mazauninsa ƙarƙashin gado ne, ko bayan jeren kwanuka, ko cikin adaka. Idan aka girgiza shi yakan yi wata ƙara da kunnen yaro ba ya mantawa. A ciki akwai maɓallai iri-iri: farare ƙanana na rigar makaranta, manya masu huji huɗu na kwat, na ƙarfe masu tambari da aka ciro daga kakin wani kawu tsohon soja, da masu walƙiya na rigar da aka taɓa yin kwalliyar salla da ita. Tare da su akwai allura a soke a jikin ƙyalle, da ragowar zare, da ɗan kunne da ya rabu da ɗan'uwansa, da tsakiya biyu ko uku da suka tsira daga wani jigida da ya tsinke, da mabuɗin da babu wanda ya san kwaɗonsa, da wuri, da kwabo mai huji.

Mu yara a lokacin, wannan gwangwani shi ne dukiyar da muka fara sani. Da maɓallan muka koyi ƙirga tun kafin malamin lissafi ya sa mu tara tsinke da marafan kwalba. Mukan ware su launi-launi, mu yi ciniki da su a kasuwar wasa, babba ya sayi ƙanana biyar. 'Yan mata kan yi wa 'yar tsana idanu da su, maza kuma mu zura zare a huji biyu na babban maɓalli, mu murɗa, mu riƙa ja muna saki yana juyawa yana kuka kamar iska a cikin kara. Ba a rasa ranar da wani ƙaramin zai cusa ɗaya a hanci, gida ya rikice, a kwashe gwangwanin a ɓoye na mako guda. Amma abin da ya fi zama a raina shi ne yadda kowane maɓalli yake da labari. Kaka kan ɗauki guda ta ce wannan na rigar kakanku ne da ya sa ranar da ya tafi aikin hajji, wancan kuma na rigar yayanku ne da ya rasu yana goye. Ta haka muka san mutanen da ba mu taɓa gani ba, a zamanin da gidaje da yawa ba su da hoto ko ɗaya.

Shi kansa maɓalli baƙo ne a suturarmu, kuma tarihinsa ya nuna hakan. Babbar riga da taguwa zurawa ake yi ta wuya, wando zariya ke riƙe shi, zane kuma ɗaurawa ake yi. Maɓalli ya yawaita ne da zuwan kakin soja da na ɗan doka, da rigar makarantar boko, da shat da kwat na ma'aikata, sannan keken ɗinki, Singer da farko, Butterfly daga baya, ya sauƙaƙa wa teloli ɗinkin kaftani da jamfa. A can inda ya fito ma ya daɗe yana ado kawai; masu haƙar kayan tarihi sun tono na ƙwanson dodon koɗi a Mohenjo-daro da ke Pakistan ta yau, masu shekaru dubbai, amma sai a ƙarni na 13 aka fara yi masa kafa a jikin riga a Jamus, ya zama abin ɗaure tufa. Birnin Bamingam na Ingila ya shahara da ƙera shi a ƙarni na 18 da na 19, yau kuwa garin Qiaotou na ƙasar Sin ne ke cika kasuwannin duniya da shi. Ashe ɗan gwangwanin nan na ƙarƙashin gado yana ɗauke da sawun mulkin mallaka, da na makaranta, da na fatauci tsakanin nahiyoyi.

Haka abin yake ga kuɗaɗen da ke kwance tare da maɓallan. An fara buga anini a 1907, da gorar ruwa, kafin a sauya masa ƙarfe a 1908. Yana ɗauke da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsa, kuma an yi shi ƙarami haka ne domin ya maye gurbin wuri a ƙananan cinikayya. Sama da shi akwai ɗari, da kwabo, da taro, da sisi, da sule, da fataka, har zuwa fam, wanda anini 2,400 ke cikinsa. Ranar 1 ga Janairu, 1973 naira da kwabo suka karɓi aiki, fam ɗaya ya koma naira biyu. A 2007 an sake fito da kuɗin ƙarfe na kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu, amma kasuwa ba ta riƙe su ba. Ɗalibin jami'a na yau yana faɗin "ko sisi" da "taro da sisi" bai taɓa riƙe ko ɗaya ba. Na sha gwada wannan a aji: in ajiye kwabo mai huji a kan tebur, sai ka ga waɗanda barci ya fara ɗauka sun miƙe suna son taɓawa, tambayoyi kuma su ɓarke fiye da yadda karatun awa biyu yake jawowa.

Me ya sa iyayenmu mata suke tara waɗannan abubuwa? Amsar farko ita ce tattali. Riga a wancan zamani ba ta mutuwa lokaci ɗaya. Idan ta yi wa wa kaɗan sai ta koma ga ƙane, idan ta yage a yi mata faci, idan ta ƙare sarai a cire maɓallanta a jefa a gwangwani, ƙyallen kuma ya zama tsumma ko cikon matashin kai. Matakan tsuke bakin aljihu na 1982 da shirin SAP na 1986 sun ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, domin albashi ya daina kai wata. Amsa ta biyu ta fi zurfi. Ɗakin mace shi ne ma'ajiyar dukiyarta da tarihinta. Jerenta, daga ƙore da tasoshi zuwa kwanukan samira da kumbo da tangaran, yana nuna zamanin da aka yi mata aure da irin ƙoƙarin da uwarta ta yi. Maza sun bar mana kundaye da wasiƙu da sunayen sarakuna, mata kuwa, waɗanda akasarinsu ba a rubuta labarinsu ba, sun bar mana kaya. Littafin Baba of Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya yi fice ne saboda irinsa ba shi da yawa: tsohuwa Bahaushiya tana ba da labarin rayuwarta da bakinta. Sauran dubban tsofaffin, abin da za su faɗa yana cikin adakarsu.

To, ina waɗannan kaya suke tafiya? Idan tsohuwa ta rasu, magada kan ƙididdige gona da gida da zinare da dabbobi, ragowar kuma a kira shi tarkace. Tasoshin tagulla da aka gada tun kaka da kakanni sai a miƙa wa 'yan gwangwan su ɗora a sikeli su biya kuɗin nauyin ƙarfe, a narkar. Rasiɗin haraji da na jangali, waɗanda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke a 1979, sai a kunna wuta da su, alhali takarda ce da ke nuna sunan mutum da garinsu da abin da hukuma ta karɓa a hannunsa. Abin da ya tsira daga magada, ambaliya ko gobara ko gudun hijira su cinye shi. Wanda ya baro ƙauyensa a Zamfara ko Borno da tsakar dare ba ya tsayawa neman gwangwani. A gefe guda kuma gwanjo da kayan roba masu arha sun kashe gyara. Yau idan maɓalli ya faɗi, matashi ya gwammace ya jingine rigar da ya nemi allura.

Wani zai ce wannan begen talauci ne kawai, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Matar da ta kwana tana faci a gaban aci-balbal ba don nishaɗi ta yi ba, kuma babu mai hankalin da zai so a koma zamanin da yaro ke da riga ɗaya. Haka nan ba kowane tsohon abu ne ya cancanci ajiya ba. Gidan da ya ƙi zubar da komai juji zai zama. Sai dai akwai bambanci tsakanin fita daga talauci da zubar da shaidar yadda aka fita. Waiwaye adon tafiya ne, kuma al'ummar da ba ta san nawa kakarta ta sayi mudun gero ba, da wuya ta fahimci abin da ya sami kuɗinta.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A Amurka tun 1938 masu tara maɓallai suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, suna nazarinsu kamar yadda ake nazarin tsofaffin kuɗi. Mu ba ma buƙatar kaiwa can. Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, suna iya ware sashe na kayan ɗakin talaka, su roƙi jama'a su kawo, a rubuta sunan mai kayan da garinta da zamaninta. Sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu suna iya ba ɗaliban ajin ƙarshe aikin zama da tsohuwa guda, a buɗe adakarta da izininta, a ɗauki hoton kowane abu, a naɗi bayaninta da wayar da ke aljihun kowane ɗalibi. Malamin firamare kuma yana iya ware rana ɗaya a zango, kowane yaro ya zo da tsohon abu daga gida ya faɗi labarinsa.

Kafin hukumomi su motsa, aikin yana wuyan mai karatu. Idan Allah Ya sa kana da uwa ko kaka ko gwaggo a raye, ka je ka tambaye ta gwangwaninta tun tana iya gaya maka na wane ne wannan, na wace ce wancan. Ranar da ta kau, maɓallan za su koma roba da ƙarfe, ba mai sayensu ko da anini.