Kariyar Keke A Bayan Motar Zango: Abin Da Aksul Zai Iya Ɗauka

A ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, birnin Dusseldorf na ƙasar Jamus yakan cika ya batse da baƙi saboda bajekolin nan da ake kira Caravan Salon, wanda aka fara yi a birnin Essen cikin 1962 kafin a mayar da shi Dusseldorf cikin 1994. Abin da ake baje kolinsa kuwa shi ne motocin zango, watau motocin da aka ƙera cikinsu kamar ɗaki, da gado da murhu da tankin ruwa, wasu ma har da makewayi, domin iyali su yi tafiyar hutu suna kwana duk inda dare ya yi musu. Wannan al'ada ta daɗe a Turai. Tun cikin 1951 kamfanin Westfalia ya fara shirya wa motar nan ta Volkswagen kayan kwana da na girki, ita ce dai Kombin da mutanen Legas suka mayar motar haya suke kira danfo. A farkon 2024 motocin zango masu rajista a Jamus kaɗai sun haura 900,000.

Mai irin wannan mota yana da matsala guda. Da zarar ya sauka a zango, ya sa wa tayoyi waigi, ya haɗa wayar lantarki, ya buɗe rumfa, to, motar ta zama gida, kuma ba wanda zai so ya kwashe gidansa don kawai zai je sayen burodi a ƙauyen da ke nesa da mil biyu. Saboda haka keke ya zama abokin tafiya na dole. Wurin da ya rage a ɗora shi kuwa shi ne bayan mota, domin cikinta ya cika da gado, rufinta kuma ya yi tsawo ainun, ga tagogi da faifan hasken rana a kansa. Daga nan ne zancen kariyar ɗaukar keke ya taso.

Wanda ya shiga kanti zai tarar da kariya iri-iri, mafi yawansu ƙirar kamfanin Thule na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa cikin 1942, ko kuwa Fiamma na Italiya. A jikin kwalin kowace an rubuta yawan kekunan da take ɗauka: biyu, uku, ko huɗu. Wannan rubutu shi ne abin da ido ke fara kaiwa gare shi, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani cikin duk abin da ke jikin kwalin. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce ta nauyi, kuma dalilin haka wani sauyi ne da ya auku a cikin 'yan shekarun nan.

A da, keken da ake yawo da shi bai cika wuce kilo 12 zuwa 15 ba. Kekuna biyu, na miji da na mata, ba su kai kilo 30 ba, kowace kariya kuwa tana iya ɗaukarsu. Amma keke mai batir ya zo ya canza lissafi. Irin wannan keke yana da ƙaramin inji mai taimaka wa mahayi har gudun kilomita 25 a awa, kuma nauyinsa yakan kai kilo 22 zuwa 28. Cikin 2023 aka sayar da kekuna masu batir kimanin miliyan 2.1 a Jamus, na gargajiya kuwa miliyan 1.9, watau karon farko ke nan da mai batir ya sha gaban na da. Masu motocin zango kuwa, waɗanda da yawansu dattawa ne da suka yi ritaya, suna cikin masu sayensa. Ga shi kuma kariyar da aka saba maƙalawa a ƙofar baya ta motoci irin su Fiat Ducato ba ta wuce kilo 35 ba gaba ɗaya. Layi biyu ne a kanta, gaskiya ne, amma kekuna biyu masu batir sun kai kilo 50. Mutum ya saya da ganin an rubuta "biyu", ya ɗora biyu, alhali ya wuce iyaka da kilo 15 tun motar ba ta tashi ba.

Dalilin wannan iyaka ba a jikin kariyar yake ba, a jikin ƙofar yake. Ƙofar baya falle ce ta ƙarfe mara kauri, tana rataye a kan maƙalai biyu ko uku waɗanda aka ƙera domin su riƙe nauyin ƙofar kaɗai. Duk ramin da mota ta faɗa, nauyin kekunan yakan fizgi maƙalan nan da ƙarfin da ya ninka nauyinsu na tsaye. A hankali ƙofa ta fara sauka, robar bakinta ta daina kamawa, ruwan sama ya sami hanyar shiga daidai inda gado yake. Motocin da ƙofarsu ta baya guda ɗaya ce mai ɗagawa sama, kamar Volkswagen California, sun ɗan fi dama, domin kariyarsu takan ɗauki har kilo 60. Amma su ma da nasu cikas: sandunan da ke riƙe ƙofar a sama ba za su iya da ƙarin nauyi ba, saboda haka ba a buɗe ta da kekuna a kai. Har ila yau, kariyar ƙofa tana zaune can sama, fiye da mita ɗaya daga ƙasa. Ɗaga keke mai kilo 25 zuwa ƙirji ba ƙaramin aiki ba ne ga mai shekara 70, shi ya sa aka ƙera wasu masu hannun juyawa da ke sauko da layin ƙasa, sai dai sun fi tsada kuma sun fi nauyi.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙugiyar jan tirela. Wannan ƙugiya tana da kai mai siffar ƙwallo, kaurinsa milimita 50 a duk Turai, kuma an ɗaure ta ne a jikin shasi, watau ƙashin motar, ba a jikin ƙofa ba. Kariyar da ke zama a kan ƙwallon nan tana kusa da ƙasa, ana iya tura keke ya hau ta kan ɗan gadon ƙarfe, kuma galibinsu suna ɗaukar kilo 60, kowane keke kilo 30. Ga masu keke mai batir, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa. Amma lalle ne mai saye ya duba wata ƙaramar lamba da ke jikin ƙugiyar, wadda ke nuna iyakar nauyin da za a iya dannawa a kan ƙwallon daga sama. Idan an rubuta kilo 75, kariyar kanta kuwa tana da kilo 18, to, abin da ya rage wa kekuna kilo 57 ne, ko da kwalin ya ce 60. Kullum ƙaramar lambar ita ce doka.

Illar wannan hanya ita ce tana toshe ƙofofin baya. A yawancin motocin zango, tukunyar gas da wayar lantarki da kujerun zama duk ta baya ake ɗauko su, daga ƙarƙashin gado. Kariyar da ke sunkuyawa baya ta isa ga ƙaramar mota mai but, amma ƙofofi biyu masu buɗewa gefe da gefe suna bukatar fili mai yawa. Don haka aka fito da masu zamewa baya a kan layi, da kuma masu hannu guda da ke juyawa gefe ɗungurungum da kekuna a kai. Waɗannan sun warware matsalar ƙofa, sai dai sun ƙara ƙarfe, ƙarfe kuwa nauyi ne.

A nan ne aka zo ga ainihin maganar, wadda mai kanti bai cika tayar da ita ba. A jikin kowace mota akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da lambobi huɗu: iyakar nauyin motar da kayanta, iyakar nauyinta tare da tirela, iyakar abin da aksul na gaba zai ɗauka, da kuma na aksul na baya. Mafi yawan motocin zango an tsayar da su a kilo 3,500, domin nan ne iyakar lasin tuƙi na rukunin B wanda yawancin jama'a ke riƙe da shi. Kafin a sa ko cokali ɗaya, motar da katakonta da firjinta ta riga ta cinye kusan kilo 3,000, kuma doka ta yarda nauyin gaskiya ya saɓa wa wanda kamfani ya rubuta da kashi 5 cikin ɗari, watau kilo 150 na iya ɓacewa tun daga masana'anta. A ƙara fasinja, a ƙara ruwa lita 100 wanda shi ma kilo 100 ne, a ƙara gas da abinci da tufafi, sai a ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Amma ko da jimillar ba ta wuce ba, aksul na baya yana iya wucewa, kuma duk wanda ya taɓa tura amalanke ya san dalili. Idan aka ɗora buhu a bayan ƙafafun amalanke, gabanta sai ya ɗaga. Haka mota take. Kayan da aka rataya a bayan tayoyin baya yana danna su da fiye da nauyinsa, yana kuma rage wa tayoyin gaba nasu. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki doguwar Ducato, wadda tazarar da ke tsakanin aksul na gaba da na baya ta kai kusan mita 4. A ce kariya da kekuna sun yi kilo 70, kuma tsakiyar nauyinsu tana mita 1.5 a bayan aksul na baya. Sai a haɗa 4 da 1.5 su ba da 5.5, a ninka da 70, a raba da 4. Amsa ita ce kilo 96. Watau kilo 70 ya zama kilo 96 a kan tayoyin baya, tayoyin gaba kuma sun rasa kilo 26. A manyan motocin da bayansu ya zarce aksul da mita 2.5, abin ya fi haka muni: kilo 80 a kan mota mai tazarar mita 3.8 yakan koma kilo 133. Aksul na baya na irin wannan Ducato galibi kilo 2,000 ne iyakarsa, kuma gado da tanki da ma'ajiyar kaya duk a kansa suke tun da fari.

Sakamakon wannan ba tarar 'yan sanda kaɗai ba ne. Tayar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta takan yi zafi a doguwar tafiya, zafi kuwa shi ke fasa taya. Sa'an nan Ducato da 'yan'uwanta Peugeot Boxer da Citroen Jumper da tayoyin gaba suke ja, kuma da su ake juya sitiyari. Idan gaba ya yi sakayau, motar takan yi ta ƙwaƙular ƙasa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawar zango ko a hawan dutse, iska kuma ta riƙa kaɗa ta idan babbar mota ta gifta. Maganin duk wannan yana da arha ƙwarai: a loda motar kamar yadda za a yi tafiya da ita, a kai ta sikelin auna motoci, a auna gaba dabam, baya dabam, kafin a biya kuɗin kariya. Cire batir daga kowane keke a ajiye shi cikin mota yana rage kimanin kilo 3 daga can ƙarshen baya, inda kowane kilo ya fi ciwo, kuma yana rage wa ɓarawo sha'awa.

Sauran abin da ya rage na doka ne, kuma kowace ƙasa da tata. Ko'ina dai ba a yarda kekuna su rufe lambar mota ko fitilun baya ba, saboda haka kariyar ƙugiya takan zo da nata fitilun birki da na sigina, da gurbin lamba ta biyu, ana haɗa su da soket mai baki 13. A Birtaniya rufe lamba yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. A Jamus kaya na iya zarce bayan mota da mita 1.5, amma idan ya wuce mita ɗaya sai an rataya masa jan ƙyalle ko jan allo. A Sifen dole ne a maƙala allo mai ratsin ja da fari, santimita 50 kowane gefe, wanda suke kira V-20, Italiya ma tana da nata allon mai wannan girma amma ratsinsa dabam. Iyalin da suka tashi daga Holan za su Sifen suna ratsa dokoki uku ko huɗu a kwana biyu.

Akwai kuma maganar tsawo. Ba banza ba ne aka ƙera Ducato ɗin da aka fi saye a kan mita 5.99. Jiragen fito da yawa, musamman na ƙasar Norwe inda hanya takan yanke a bakin ruwa sau da dama a yini, suna ƙara kuɗi da zarar mota ta wuce mita 6. Kariya da kekuna biyu sukan ƙara fiye da rabin mita, kuma jiragen da ke tsallaka teku tsakanin Ingila da Faransa suna tambayar tsawon mota ne har da duk abin da ke rataye a bayanta. Kariyar da ke naɗewa idan babu keke a kai tana da amfani a nan, haka kuma wajen ajiye mota a cikin gari.

Wasu ƙananan abubuwa sai an fara tafiya ake gane su. Kekuna sukan rufe idon kyamarar ja da baya, su kuma sa na'urar gargaɗi ta yi ta kuka ba dalili. Idan bakin salansa yana fuskantar kariyar, hayaƙi mai zafi yana iya lalata tayar keke. Rigar leda da ake lulluɓa wa kekuna don kare su daga ƙura tana kama iska kamar tanti, ta ƙara jan da ake yi wa maƙalai, wani lokaci ma ta rufe fitila. Keke mai batir kuma ya fi na da tsawo da kaurin taya, saboda haka sai an auna tazarar ƙafafunsa an gwada da tsawon layin, an kuma tabbata ratar da ke tsakanin layi da layi ta isa kada inji ya riƙa gugar inji. Masu ƙera kariyar da kansu suna ba da shawarar a tsaya bayan 'yan kilomitoci na farko a sake ɗaure igiyoyi da notuna, domin a nan ne sukan saki.