Man kwakwa mara daskarewa: abin da na gano bayan an sayar min da na bogi

Kwanakin baya Hajiyarmu ta zo daga gida ta yi wata biyu a wurinmu a Agege. Tana fama da ciwon gwiwa da tsamin ƙafa, don haka kullum bayan isha'i sai maiɗakina ta yi mata tausa. A gida da man kaɗe ake yi mata, amma nan kudu gumi ba ya bari. Ana shafawa jiki sai ya yi danƙo, zanin gado ya yi maiƙo. Wata maƙwabciya ce ta ce mu nemi man kwakwa irin wanda ba ya daskarewa, wanda gidajen tausa ke aiki da shi. Na shiga kasuwa na sayo da tsada, mai shagon har yana rantsuwa cewa shi ne. Bayan kwana uku ƙaramin yaronmu ya jefa kwalbar cikin firij, da safe muka tarar man ya yi fari fat, ya sandare kamar kitse. Ashe man kwakwa ne na gama-gari aka ɗura a kwalba mai kyau.

Wannan cutar ce ta sa na zauna na bi diddigin abin.

Man kwakwa na gama-gari haɗin maiƙo ne iri-iri, kuma kusan rabinsa wani sinadari ne da ake kira lorik. Yana fara daskarewa da zarar zafi ya yi ƙasa da digiri 24. Shi kuwa wanda ake rubuta wa Fractionated Coconut Oil, a masana'anta ake rarraba man da zafi, a ware lorik da sauran masu nauyi, a bar guda biyu marasa nauyi, kafrilik da kafrik. Shi ya sa a jerin kayan haɗi za ka ga an rubuta Caprylic/Capric Triglyceride. Abin da ke fitowa mai ne garai-garai kamar ruwa, ba launi, ba ƙamshin kwakwa, kuma yana daɗewa bai yi wari ba. Wasu kamfanonin ma daga man alayyadi suke fitar da shi, domin shi ma yana da waɗannan sinadaran.

To ga inda ake kama mu. A Kano ko Jos lokacin hunturu, ido kaɗai ya isa ya bambance su, don na gama-gari zai daskare a kan kanta. A Legas, Fatakwal ko Warri kuwa, kusan duk shekara zafi na sama da digiri 24, duka biyun ruwa ne a kwalba. Ga Badagry nan kusa cike da kwakwa, man na gama-gari ba wahalar samu gare shi ba. Mai son zuciya lakabi kawai zai canza.

Gwajin ba wuya. Shinshina: in ka ji ƙamshin kwakwa, ba shi ba ne. Sa shi a firij ya kwana: na gaskiya zai tashi yana ruwa. Sai dai firij ba ya kama kowane ɓarawo, don man farafin, wato irin wanda ake yin man jarirai da shi, shi ma ba ya daskarewa kuma ba ya ƙamshi. Nan sai ka koma kan kwalba, ka duba jerin kayan haɗi da lambar NAFDAC. Ni dai yanzu ba na sayen wanda aka ɗura a robar ruwa ba rubutu, ko wa ya kawo shi.

Da muka samu na gaske, gaskiya wajen tausa ya yi. Hannu na santsi ba tare da an yi ta ƙari ba, cokalin shayi ɗaya ya ishi ƙafa guda, kuma yana fita daga zani da wanki ɗaya. Ga wanda ya wuni yana dakon buhu a Mile 12, ko ɗan acaɓa da kafaɗa ta riƙe, tausar mintuna goma da shi tana sa a ji sakayau. Amma a riƙe cewa tausar ce ke aikin, man santsi kawai yake bayarwa. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, ko sha-raɓar da ta kumbura ɓangare ɗaya haka kawai, ba a murza su, asibiti ake zuwa.

Masu son ɗiga man na'ana'a ko na turare a ciki, ɗigo biyu a cokalin shayi ɗaya ya isa ga babba. A fara shafa kaɗan a cikin dantse a jira kwana guda, in ya yi ja ko ƙaiƙayi a haƙura. Man na'ana'a da ire-irensa kada su kusanci fuskar jariri ko ƙaramin yaro, suna iya taɓa numfashi. Sai magana ga ma'aurata, ba kunya a harkar lafiya: kowane irin mai, har da wannan, yana lalata kwaroron roba.

Wajen gyaran fata ne ake yawan zuzuta shi fiye da kima. Yana tausasa fata, musamman in an shafa bayan wanka jiki da sauran danshi, kuma bai kai basilin nauyi ba a wannan gumin namu. Iyakarsa ke nan. Ba ya sa haske, ba ya kare fata daga rana, ba ya warkar da ƙyasbi ko makero. Lorik ɗin da aka cire ma shi ne wanda gwaje-gwaje suka fi dangantawa da kashe wasu ƙwayoyin cuta. Binciken da aka wallafa a 2014 daga ƙasar Filifin, wanda ya nuna man kwakwa ya taimaki yara masu cutar bushewar fata da ƙaiƙayi, da ɗanyen mai na asali aka yi shi, ba da wannan ba. Saboda haka in mai talla a WhatsApp ya jingina maka wannan labarin ga mara daskarewa, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Mai fuskar da ke yawan fesar da ƙuraje kuma ya gwada a gefen muƙamuƙi tukuna.

Da Hajiya ta tashi komawa, maiɗakina ta sa mata kwalba ɗaya a jaka. Ta karɓa ta yi godiya, sannan ta ce, "'Yar nan, miƙo min kwanon man kaɗena ma. Hunturu zan tarar, wannan ruwan naku ba zai iya da faso ba."