Darktable da 'yan uwanta: Manhajojin kyauta da ke bar wa mai ɗaukar hoto mabuɗin aikinsa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ɗaurin aure da tsakar rana ya san wannan matsalar. Ango ya sha farar shadda, rana ta take, jama'a sun yi cincirindo a ƙofar masallaci. Idan ka saita kyamara don fuskarsa ta fito, babbar rigar sai ta koma fari fat, aikin da ke wuyanta ya ɓace. Idan kuma ka saita don aikin rigar ya fito, sai fuskar ango ta nutse cikin duhu.

Ƙwararru sun daɗe da gano mafita. Suna sa kyamara ta ajiye hoton ɗanye, a tsarin da ake kira RAW, daga baya su zauna a gaban kwamfuta su daidaita shi. Sai dai ɗanyen hoto ba ya amfanuwa sai da manhajar da za ta sarrafa shi, kuma wadda ta fi shahara, wato Lightroom ta kamfanin Adobe, yanzu haya ake bayar da ita.

Akwai wasu manhajoji da ke yin wannan aiki ba tare da karɓar ko sisi ba. Fitattu a cikinsu su ne darktable da RawTherapee da digiKam. Sauƙin aljihu ne ke fara jan mutane zuwa gare su, amma akwai tambayar da ta fi kuɗi nauyi: nan da shekara 10, a hannun wa mabuɗin hotunanka zai kasance?

Mene ne ɗanyen hoto?

A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan allo da ke karɓar haske, mai ɗauke da miliyoyin ƙananan idanu. Kowane ido launi ɗaya kawai yake gani: ja ko kore ko shuɗi. A yawancin kyamarori rabin idanun na kore ne, rubu'i na ja, rubu'i na shuɗi. Bryce Bayer na kamfanin Kodak ne ya ƙirƙiro wannan tsari, aka yi masa rajista a 1976.

Idan ka zaɓi JPEG, kyamarar ce ke yanke maka hukunci cikin ƙiftawar ido. Ita za ta cike launukan da kowane ido bai gani ba, ta zaɓi yawan haske da kaifi, ta matse fayil ɗin, sannan ta zubar da sauran bayanan. Hoton JPEG yana da matakan haske 256 a kowane launi. Ɗanyen hoto kuwa yana riƙe da matakai 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar. A cikin wannan rarar ake zaƙulo aikin rigar ango da fuskarsa a lokaci guda. Amma abin yana da iyaka: idan hasken ya wuce abin da allon zai iya ɗauka, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Waɗanda suka riski zamanin fim za su tuna da dodon hoto, wanda mai hoto kan adana a ambulan don a sake wanke wani kati duk ranar da aka buƙata. Ɗanyen hoto shi ne dodon wannan zamani. Bambancin shi ne, kowane kamfani da irin nasa. Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Fujifilm na da RAF, kuma ba kasafai suke bayyana cikakken yadda suka tsara su ba. Wani Ba'amurke mai suna Dave Coffin ne ya fara warware wannan ƙulli a 1997 da wata ƙaramar manhaja da ya kira dcraw, kuma a kan aikinsa aka ɗora yawancin abin da ya biyo baya.

Daga saye zuwa haya

Lightroom ta fito a 2007, kuma shekara 10 ana sayen ta sau ɗaya, kamar yadda ake sayen kyamara. A watan Oktoban 2017 Adobe ya sanar da cewa Lightroom 6 ce ta ƙarshe da za a saya a mallaka. Daga nan sai biyan wata-wata.

Tsarin da masu hoto suka fi sani ya daɗe a kan dala 9.99 a wata, wato kusan dala 120 a shekara. A watan Janairun 2025 kamfanin ya ƙara shi zuwa dala 14.99 ga masu biya wata-wata, ya kuma daina bai wa sababbin masu shiga wannan tsarin. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira, lissafin ya fi haka zafi. A farkon 2023, lokacin da farashin dala a hukumance yake wajen naira 460, dala 120 wajen naira 55,000 ce. Bayan da dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan kuɗin ya koma wajen naira 180,000, alhali kyamarar ita ce dai, manhajar ma ita ce.

Idan mutum ya daina biya, hotunansa na asali suna nan a kwamfutarsa, kuma zai iya ganinsu ya fitar da su. Amma sashen gyara na Lightroom Classic yana kullewa. Duk aikin da ya yi shekaru yana yi yana nan a gabansa, ba shi da halin taɓa shi.

Wani lokaci ma ba rashin biya ne ke jawo kullewar ba. A watan Oktoban 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da manhajojinsa a Venezuela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Sai da kamfanin ya samu izini na musamman kafin ya janye matakin. Apple ya daina haɓaka manhajarsa ta Aperture a 2014, Google kuma ya yi watsi da Picasa a 2016. Duk waɗanda suka gina rumbun hotunansu a kan waɗannan biyun sai da suka nemi wurin ƙaura.

Masu zagayawa ta bayan gida su sauke manhajar sata kuwa, ban da tauye haƙƙin mai abu, suna buɗe ƙofar kwamfutar da ke ɗauke da hotunan iyalan mutane ga duk wata muguwar manhaja da aka cusa a ciki.

Manhajoji uku, kowace da fanninta

Ana kiran darktable da 'yan uwanta masu buɗaɗɗen tushe ne saboda rubutun da aka gina su da shi a fili yake. Suna ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da manhaja a kowane irin aiki, har da na neman kuɗi, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Saboda haka babu mai iya janye ta daga hannun jama'a. Idan masu kula da ita suka gaji ko suka saɓa, wani na iya ɗaukar rubutun ya ci gaba. An ma ga haka: ART ta fito ne daga RawTherapee, Ansel kuma daga darktable.

Darktable ce ta fi kama da Lightroom. Wani Bajamushe, Johannes Hanika, ya fara ta a 2009, ta iso Windows a ƙarshen 2017, kuma a 'yan shekarun nan sau biyu a shekara ake fitar da sabuwa, a tsakiyar shekara da kuma watan Disamba. Tana da manyan sassa biyu: teburin haske, inda ake zube hotuna a tace su, da ɗakin duhu, inda ake gyara. Tana iya keɓe wani yanki na hoto, kamar fuska, a ƙara masa haske ba tare da an taɓa riga ba.

RawTherapee aikin Gábor Horváth ne ɗan ƙasar Hungary, wanda ya buɗe tushenta ga kowa a watan Janairun 2010. Ƙarfinta shi ne fito da ƙananan bayanai da kaifin hoto. Ba ta tara hotuna a wani kundi nata, kai tsaye take buɗe su daga inda aka ajiye su.

DigiKam kuwa ta ƙungiyar KDE ce, kuma ta haura shekara 20. Ita gwanar tsara rumbu ce. Tana gane fuskoki, tana nuna wurin da aka ɗauki hoto a taswira, tana kuma zaƙulo hotunan da aka ajiye sau biyu. Idan wata ta dawo bayan shekara shida tana neman hoton marigayin mahaifinta da aka ɗauka ranar bikinta, irin wannan manhaja ce ke sa a same shi kafin ta gama shan ruwa.

Yadda aikin ke tafiya

A ɗauka mai hoto ya dawo daga biki da hotuna 1,000. Na kyamara mai megafiksel 24 kowane ɗaya kan kai megabait 25 zuwa 30, wato jimilla gigabait 25 zuwa 30. Zai fara kwafe su daga memori zuwa kwamfuta, ya sa wa ma'ajiyar suna da kwanan wata. A darktable zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana danna lamba 1 zuwa 5 don ba su taurari, ko harafin R don ware marasa kyau. Sai ya gyara hoto guda, ya kwafi gyaran ya liƙa wa duk waɗanda aka ɗauka a haske iri ɗaya. Daga ƙarshe ya fitar da su a JPEG, da tambarinsa a kusurwa idan yana so.

A duk wannan aikin ba a taɓa ɗanyen hoton ba. Darktable tana rubuta gyaran ne a wani ɗan ƙaramin fayil mai rakiya da ake kira XMP, a gefen hoton. RawTherapee ma haka take yi da nata, PP3. Duk inda ka kai ma'ajiyar, gyaranka na biye da ita, kuma babu asusun da za a ce sai ka shiga, babu buƙatar intanet bayan an sauke manhajar.

Ga wanda ya gaji tsofaffin dodon hoto na fim, darktable da RawTherapee duk suna da sashen da ke juya su zuwa hoto sosai bayan an ɗauke su da kyamara.

Inda gizo ke saƙar

Kyauta ce a kuɗi, amma tana cin lokaci. Darktable tana da sassan gyara da dama, wasu aikinsu kusan ɗaya, kuma a karon farko ɗanyen hoto kan fito a dushe idan aka kwatanta da abin da aka gani a bayan kyamara. A nan mutane da yawa ke karaya. Maganin shi ne a fara da abubuwa kaɗan: yawan haske, daidaita fari, yanke gefe, sai cire yashi-yashin da ke fitowa a hoton dare.

Sabuwar kyamara ma na iya jiran layi. Canon ya fito da CR3 a 2018, amma darktable ba ta iya buɗe shi ba sai a Disamban 2021. Masu sa-kai ne ke aikin, kuma sukan jira wanda ya mallaki kyamarar ya ba da samfurin hoto. Don haka a duba jerin kyamarorin da manhajar ta sani kafin a ɗauki aikin mutane da sabuwar kyamara.

Lightroom tana gaba a wasu fannoni, musamman keɓe mutum daga bayansa da dannawa ɗaya ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, da haɗa aikin waya da na kwamfuta. Haka kuma gyaran da aka yi a cikinta ba ya ƙaura gaba ɗaya. Taurari da laƙabobi suna wucewa idan an adana su a XMP, amma yawancin gyaran launi sai an sake. Kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi kuma za ta yi nawa. Wadda ke da ma'adanar aiki gigabait 8 ko sama ta fi dacewa.

Mai waya fa?

Waɗannan manhajoji uku na kwamfuta ne, suna aiki a Windows da macOS da Linux. Amma waya ma tana iya ɗaukar ɗanyen hoto. Tun 2014 tsarin Android ya ba da damar ajiye hoto a DNG, nau'in da Adobe ya fitar a 2004 ya kuma bayyana tsarinsa ga kowa. Ba kowace waya ce ke da wannan ba, amma a waɗanda suke da shi, yana ɓangaren ƙwararru na kyamarar, ko a same shi ta manhajar Open Camera, wadda ita ma mai buɗaɗɗen tushe ce. Apple ya kawo nasa, ProRAW, a ƙarshen 2020 tare da iPhone 12 Pro. Ana iya ɗauka da waya, a kai kwamfuta a gyara.

Ga masu karatu da Faransanci, kamar 'yan Nijar da Chadi da Kamaru, duka ukun suna da fassarar wannan harshe. Masu sa-kai ne ke yin fassarar, kuma ƙofar a buɗe take ga duk wanda ya ɗaura niyyar sa Hausa a ciki.

Kafin a yi ƙaura

Ba a sauya jirgi a tsakiyar kogi. Wanda ke da aikin biki a hannu ya gama shi da manhajar da ya saba. Sai ya ɗauko wani tsohon aiki da aka riga aka biya, ya sake gyara hotuna 20 a darktable ko RawTherapee, ya ajiye su gefe da gefe da na farko ya gani da idonsa. Manhajar a sauke ta daga shafin masu ita, domin duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar kati a kanta, ba daga gare su yake ba.

Wanda ya bar Lightroom kuma ya fitar da duk hotunan da ya gama gyarawa a JPEG ko TIFF masu cikakken inganci kafin hayarsa ta ƙare, ya kuma adana taurari da laƙabobinsa a XMP.

Ko da wace manhaja mutum ya zauna, ɗanyen hoton da fayil ɗin rakiyarsa su kasance a wuri biyu aƙalla, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na daban da ba ya kwana a shago ɗaya da ita. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, kuma tsohon da aka ɗauka yana sa wa ango albarka ba lallai ne ya ga na ƙaninsa ba.